Tambaya da Amsa: Doka Za Ta Iya Ceton Farar Beyar Alhali Ƙanƙara na Narkewa?

Wasiƙu da dama na wannan wata sun taru a kan magana guda, wato labarin farar beyar ta yankin ƙanƙara da dokokin da aka kafa domin kada ta ƙare a doron ƙasa. Mun zaɓi biyar daga ciki, mun kuma taƙaita su saboda ƙarancin fili.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni malamin firamare ne a wani ƙauye cikin ƙaramar hukumar Auyo. Na ji a rediyo ana cewa ɗumamar yanayi na neman ƙarar da wata dabba mai suna farar beyar, har gwamnatin Amurka ta sanya ta cikin dokar kare dabbobi. Da na ba ɗalibaina labarin sai suka tambaye ni ta yaya zafi zai kashe dabbar da ke zaune a cikin ƙanƙara. Ina roƙon ƙarin bayani.

Amsa: Wa alaikumus salam Malam, Allah ya saka da alheri bisa ɗawainiyar da ake yi da yara. Abin da za ka faɗa musu shi ne, ba zafin ne ke kashe ta kai tsaye ba, yunwa ce ke kashe ta, ita kuwa yunwar narkewar ƙanƙara ce ke jawo ta.

Farar beyar tana zaune ne a can ƙarshen arewacin duniya, kewayen Tekun Aktik, a yankunan ƙasashe biyar: Kanada, da Amurka ta wajen jihar Alaska, da Rasha, da Nowe, da tsibirin Girinlan wanda ke ƙarƙashin Denmak. Ƙiyasin da ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta fitar a 2015 ya nuna akwai kimanin 26,000, kuma kusan kashi biyu bisa uku nasu a Kanada suke. Namiji kan kai kilo 350 zuwa 600, wani lokaci ma ya haura, mace kuwa ba ta cika wuce rabin haka ba. Duk cikin dabbobin tudu masu cin nama babu wadda ta kai ta girma, har da zaki.

Sai dai duk da ana lissafa ta cikin dabbobin tudu, abincinta a teku yake. A lokacin sanyi saman tekun kan daskare ya zama fili mai kaurin mita ɗaya ko biyu, wanda dabba za ta yi tafiyar kwanaki a kansa. A ƙarƙashin wannan ƙanƙara akwai wata dabbar ruwa mai yawan kitse da ake kira sil, wadda ba kifi ba ce, dole sai ta ɗago ta shaƙi iska, saboda haka takan bar 'yan ramuka a jikin ƙanƙarar inda take leƙowa. Beyar takan bi sansana har ta gano irin wannan rami, ta kwanta a bakinsa ta yi lamo, ba motsi, wani lokaci tsawon sa'o'i. Da zarar hancin sil ya bayyana sai ta kai masa mari da ƙafar gaba, ta cafke kansa, ta fizgo shi waje. Fata da kitse take fara ci, sau da yawa ma takan bar tsokar ga tsuntsaye da ƙananan namun daji, domin kitsen ne buƙatarta. Idan babu ƙanƙarar da za ta tsaya a kai, wannan farauta ba ta yiwuwa, saboda a buɗaɗɗen ruwa sil ya fi ta iyo nesa ba kusa ba.

Mafi yawan abincinta na shekara tana samunsa ne tsakanin watan Afrilu da farkon Yuli, lokacin da sil ke haihuwa a kan ƙanƙara. Halin da take ciki ya yi kama da na manomin da damina ta riƙa zo masa a makare tana ɗaukewa da wuri: rumbu bai cika ba, ga rani ya ƙara tsawo. Kitsen jikinta shi ne rumbunta. Idan ƙanƙara ta narke ta fito tudu, takan rasa kimanin kilo ɗaya na nauyinta kowace rana har sai tekun ya sake daskarewa. A yammacin mashigin tekun Hodson da ke Kanada, lokacin wannan zaman jira ya ƙaru da makonni uku zuwa huɗu idan aka kwatanta da shekarun 1980. Wadda ta fi shan wahala ita ce mai ciki, domin ita ba ta komawa farauta tare da sauran. Takan haƙa rami ta shige, ta haihu wajen Nuwamba ko Disamba, galibi 'ya'ya biyu waɗanda kowanne bai kai kilo ɗaya ba, ta shayar da su har watan Maris, duk ba ta ci komai ba. A wannan yanki uwa kan yi kusan wata takwas babu abinci. In ta shiga ramin da ƙarancin kitse, ko dai cikin ya lalace, ko nono ya ƙafe, ko 'ya'yan su fito a raunane su mutu kafin su shekara.

Narkewar kuwa an auna ta, ba ji-ta-ji-ta ba ce. Tun 1979 taurarin ɗan'adam ke ɗaukar hoton Tekun Aktik, kuma sun nuna faɗin ƙanƙarar da ke saura a watan Satumba, lokacin da ta fi ƙanƙancewa, yana raguwa da kimanin kashi 12 cikin ɗari duk shekara goma. A Satumbar 2012 ta sauko zuwa murabba'in kilomita miliyan 3.4, wato kusan rabin abin da aka saba gani a shekarun 1980. Yankin yana ɗumama kusan ninki huɗu na saurin da sauran duniya ke yi, dalili kuwa shi ne farar ƙanƙara na mayar da mafi yawan hasken rana sama, amma idan ta narke sai baƙin ruwan teku ya bayyana ya zuƙe zafin, shi kuma zafin ya ƙara narkar da wata ƙanƙarar. A yammacin Hodson an ƙiyasta beyar kusan 1,200 a ƙarshen shekarun 1980, amma ƙirgar 2021 ta ba da 618. A 2008 masu bincike sun bi sawun wata uwa da suka ɗaura wa na'ura a wuya a tekun da ke arewacin Alaska, ta yi iyo kwana tara ba tsayawa, tazarar kilomita 687, kafin ta taka ƙanƙara. Da aka sake kama ta bayan wata biyu ta rasa kashi 22 cikin ɗari na nauyinta, ɗanta kuma ba ya tare da ita.

Tambaya: Malam, ni tsohon mafarauci ne daga yankin Doguwa. Dokar daji na san ta: idan ma'aikatan gandun daji suka same ka da bindiga a cikin Falgore, kama ka za su yi su kai ka gaban alƙali. To amma idan narkewar ƙanƙara ce ke kashe wannan dabba, wa doka za ta kama?

Amsa: Baba, Allah ya ƙara lafiya. Tambayarka ita ce ainihin abin da lauyoyi da alƙalan Amurka suka shafe shekaru suna jayayya a kai, kuma har yau maganar ba ta mutu ba.

Dokar da ake magana a kanta ita ce Dokar Halittun da ke Fuskantar Barazanar Ƙarewa, wadda shugaba Richard Nixon ya sanya wa hannu a Disambar 1973. Tana da mataki biyu: akwai halittar da ke gab da ƙarewa yanzu, akwai kuma wadda ake ganin za ta kai wannan hali nan gaba kaɗan. Idan aka sanya dabba a jerin, abubuwa uku kan biyo baya. An hana kashe ta ko cutar da ita ko cinikinta, ana keɓe wuraren da rayuwarta ta dogara a kansu, sannan duk wata hukumar gwamnatin tarayya da za ta yi aiki, ko ta ba da kuɗi ko lasisi, tilas ta tuntuɓi hukumar kula da kifaye da namun daji don tabbatar da cewa aikin ba zai jefa dabbar cikin haɗari ba. Wannan na uku shi ne ya fi ƙarfi, domin yana iya tsayar da gina madatsar ruwa ko haƙar ma'adinai. Dokar kuma ta ba kowane ɗan ƙasa damar shigar da buƙatar a sanya wata dabba, da damar kai gwamnati kotu idan ta yi jan ƙafa.

Ta wannan ƙofa aka shigar da farar beyar. A Fabrairun 2005 wata ƙungiyar kare muhalli mai suna Center for Biological Diversity ta miƙa buƙata, daga baya Greenpeace da wata ƙungiyar suka mara mata baya. Gwamnatin George W. Bush ta yi ta jinkiri har sai da aka kai ta ƙara. A 2007 masanan hukumar binciken ƙasa ta gwamnatin da kanta suka ba da rahoton cewa idan ƙanƙara ta ci gaba da narkewa yadda ake hasashe, kashi biyu bisa uku na farar beyar ta duniya na iya ɓacewa nan da tsakiyar wannan ƙarni. Wa'adin yanke hukunci ya cika a Janairun 2008 ba a yanke ba, amma a Fabrairun shekarar aka yi gwanjon filayen haƙar mai a tekun Cukci da ke tsakanin Alaska da Rasha, ɗaya daga cikin manyan mazaunan dabbar, kan sama da dala biliyan 2.6. Sai da wata alƙaliya ta gindaya ranar ƙarshe, sannan a ranar 14 ga Mayun 2008 sakataren harkokin cikin gida, Dirk Kempthorne, ya sanar da sanya farar beyar a mataki na biyu, ya kuma amince a fili cewa narkewar ƙanƙarar teku ce sanadi.

Amma a zaman da ya yi wannan sanarwa ya ce ba za a bari a mayar da dokar hanyar tsara manufar ƙasa kan sauyin yanayi ba. Aka haɗa sanarwar da wata ƙa'ida ta musamman wadda ta fitar da duk wani aiki da ake yi a wajen mazaunin dabbar daga cikin haramcin cutar da ita, ma'ana tashar wutar lantarki mai ƙona kwal a wata jiha mai nisa ba za a tuhume ta ba, komai yawan hayaƙin da take fitarwa. A Oktoban shekarar babban lauyan ma'aikatar, David Bernhardt, ya rubuta ra'ayin shari'a cewa kimiyya ba ta iya nuna hayaƙin wata masana'anta takamaimai shi ne ya cutar da wata dabba takamaimai, saboda haka ba sai an yi tuntuɓar da doka ta tanada ba kan batun hayaƙi. Da Barack Obama ya hau mulki an yi zaton za a soke ƙa'idar, amma a Mayun 2009 sakatarensa Ken Salazar ya bar ta yadda take, bisa hujja iri ɗaya.

Ka ga ke nan amsar tambayarka ita ce, ba wanda doka ta kama a kan narkewar ƙanƙara. An rubuta sunan cutar a takardar gwamnati, sannan aka ɗaure hannun dokar kada ta taɓa abin da ke haddasa ta. A ganina wannan shi ne babban aibin al'amarin, kuma ba kuskure aka yi ba, da gangan aka tsara shi haka, domin barin dokar ta yi aikinta har ƙarshe na nufin taɓa mai da kwal da iskar gas, waɗanda tattalin arzikin ƙasar ya ɗoru a kansu.

Wajibi ne a yi wa ɗaya ɓangaren adalci. Hayaƙin da ke ɗumama duniya gauraya yake yi a sararin sama, na Sin da na Indiya da na Turai da na Amurka, kuma ko da an rufe tasha guda ƙanƙarar ba za ta daina narkewa ba. Hukumar da aka kafa don kula da kifaye da namun daji ba ta da ma'aikata ko ƙwarewar tantance kowace masana'anta a ƙasar. Wannan gaskiya ce. Sai dai hujjar cewa ba a iya aunawa ta yi rauni, domin a 2023 masana biyu, Steven Amstrup da Cecilia Bitz, sun wallafa bincike a mujallar Science inda suka nuna yadda za a lissafa yawan kwanakin yunwa da wani adadi na hayaƙi ke ƙara wa beyar, da yadda hakan ke rage yawan 'ya'yan da ke rayuwa. Ita kanta hukumar, a shirin farfaɗo da dabbar da ta fitar a farkon 2017, ta rubuta cewa babu matakin da ya kai rage hayaƙi muhimmanci, alhali ba ta da ikon aiwatar da shi.

Duk da haka ba zan ce sanya ta a jerin ya tashi a banza ba. Daga 2008 an daina barin attajiran Amurka masu farautar nishaɗi su shigo da fata da kan beyar da suka harbo a Kanada. A 2010 an keɓe kimanin murabba'in kilomita 484,000 a Alaska a matsayin mazaunin da ba a taɓawa sai da tuntuɓa, mafi yawansa ƙanƙarar teku, tare da gaɓar da uwaye ke haƙa ramukan haihuwa. Jihar Alaska da kamfanonin mai sun ƙalubalanci wannan, wata kotu ta soke shi a 2013, kotun ɗaukaka ƙara ta maido da shi a 2016. Ƙarar da jihar ta shigar tun zamanin gwamna Sarah Palin don a cire dabbar daga jerin gaba ɗaya ita ma ba ta yi nasara ba. 'Yan asalin Alaska kuwa an bar musu farautar da suka gada don ci da sutura. Waɗannan matakai suna rage asara suna kuma sayen lokaci, amma ba su mayar da ƙanƙara ko taku ɗaya ba.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ina sayar da hatsi a kasuwar Maigatari. Na gani a Facebook wani yana cewa waɗannan dabbobi ƙaruwa ma suke yi, sun fi yadda suke shekaru 60 da suka wuce, don haka duk maganar ƙarya ce ta masu neman kuɗin tallafi. Mene ne gaskiyar lamarin?

Amsa: Alhaji, barka kadai. Akwai ƙamshin gaskiya a farkon maganar, amma hukuncin da aka ɗora a kanta bai tsaya ba. A shekarun 1950 da 1960 an yi wa farar beyar mummunar farauta, ana bin ta da jiragen sama da na ruwa, ana ɗana mata tarkon bindiga. Tarayyar Sobiyet ta haramta farautarta a 1956, sannan a Nuwambar 1973 ƙasashe biyar ɗin nan suka rattaba hannu kan yarjejeniya a birnin Oslo wadda ta hana farautar kasuwanci da ta jiragen sama, abin mamaki kuwa a tsakiyar yaƙin cacar baka tsakanin Amurka da Sobiyet. Bayan haka yawanta ya farfaɗo a wurare da dama. Wannan shaida ce cewa doka na aiki idan matsalar hannun mafarauci ce. Amma alkaluman da ake yaɗawa na shekarun 1960 hasashe ne kawai, domin a lokacin ba a fara ƙirga ta kimiyya ba, saboda haka ba a gina kwatance a kansu.

Masana sun daɗe da kasa dabbar gida 19 gwargwadon yankunan da take zaune, a 2022 kuma aka gano wani rukuni na daban a kudu maso gabashin Girinlan. Halinsu ba ɗaya ba ne. Na tekun Cukci da na tsibiran Nowe har yanzu suna cikin ƙoshi, amma na kudancin tekun Bofot a Alaska sun ragu da kimanin kashi 40 cikin ɗari tsakanin 2001 da 2010, na yammacin Hodson kuma ka ga alkalumansu a amsar farko. Inda ƙanƙara ta fara janyewa da wuri, nan raguwar ta fara bayyana. Binciken da aka wallafa a 2020 ya nuna cewa idan hayaƙi ya ci gaba da hauhawa ba a taka masa birki ba, kaɗan ne daga cikin rukunan za su kai shekara ta 2100.

Wani abin da ke rikita mutane shi ne yawan ganinta kusa da gari. A Fabrairun 2019 sama da 50 suka shiga wani gari a tsibirin Nobaya Zemliya na Rasha suna tonon juji, har aka kafa dokar ta-ɓaci. Yunwa ce ta koro su daga teku. Amma ya kamata a sani cewa da yawa daga al'ummar Inuwit na Kanada, waɗanda suka zauna da dabbar dubban shekaru, suna cewa a yankunansu ta yi yawa har tana barazana ga rayuka, kuma suna ganin zalunci ne a hana su farautar da suka gada saboda hayaƙin da ba su suka fitar ba. Da wannan hujja Kanada ta yaƙi yunƙurin Amurka na haramta cinikin fatar beyar tsakanin ƙasashe a taron yarjejeniyar CITES mai kula da cinikin namun daji a duniya, aka kayar da buƙatar a Doha a 2010, aka sake kayar da ita a Bankok a 2013. Ni dai ina ganin kukansu abin saurare ne, domin bai dace mai ƙaramin laifi ya ɗauki hukuncin da mai babban laifi ya kauce wa ba.

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce a makarantar sakandare a Kafin Hausa. Me ya sa ba za ta koyi cin abincin tudu ba, ko kuma a kwashe su a kai ƙarshen kudancin duniya inda aka ce akwai ƙanƙara da yawa?

Amsa: 'Yata, Allah ya ba da ilimi mai amfani. Tana cin abincin tudu, ƙwan tsuntsaye da 'ya'yan itace da ciyawa da mushe, sai dai ba ya riƙe jiki mai wannan girma. A wani bincike da aka wallafa a 2024 an ɗaura wa beyar 20 kyamara a Manitoba ta Kanada na kimanin mako uku a lokacin da babu ƙanƙara, 19 daga ciki suka rame, har da waɗanda suka yi ta yawon neman abinci. Kai su Antaktika kuwa ɓarna zai haifar, domin tsuntsayen fengwin da sil na can ba su san mai farautarsu a kan ƙanƙara ba, ba za su gudu ba, kuma yarjejeniyar kare muhallin nahiyar ta 1991 ta hana shigar da baƙin halittu.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni uwa ce, manomiyar shinkafa a yankin Kiri Kasamma. Ambaliyar 2022 ta cinye mana gona, ciyawar kacalla kuma ta toshe hanyar ruwa. Malam, ina ruwanmu da dabbar da ba mu taɓa gani ba? Mu a nan akwai dokar da ke kare namu?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya mayar da alheri. Ba zan ce miki ki damu da beyar fiye da gonarki ba, kuma duk wanda ya faɗa miki haka bai yi adalci ba. Amma hayaƙin da ke narkar da ƙanƙararta shi ne dai ke ƙara zafin bazara a nan, yana kuma sa ruwan sama ya riƙa zuba da yawa a lokaci guda. Afirka gaba ɗaya ba ta fitar da ko kashi 4 cikin ɗari na wannan hayaƙi. Saboda haka idan wata kotu ko majalisa a ƙasashen da suka fi fitar da shi ta tilasta rage shi, ko da sunan beyar aka yi, amfanin zai iso fadamar Haɗeja. Ban da wannan, mu Musulmi mun karanta a Suratul An'am cewa dabbobin ƙasa da tsuntsaye al'ummomi ne kamarmu, kuma ƙarewar al'umma guda ba ƙaramin abu ba ne ko da ba mu taɓa ganinta ba.

Doka kuwa muna da ita. A 1985 gwamnatin soja ta kafa Doka mai lamba 11 kan halittun da ke fuskantar barazanar ƙarewa, wadda ta jera dabbobin da aka haramta farauta da cinikinsu kwata-kwata, da waɗanda sai da lasisi. Tarar naira 1,000 da ta tanada ta zauna fiye da shekara 30 har ta zama ba ta tsorata kowa, sai a 2016 aka yi mata gyara aka ƙara yawan tarar. Amma ko daga sunanta an san inda ta sa gaba, wato fatauci da safara. Ta yi magana a kan mai bindiga da mai tarko da mai fitar da kaya ta kan iyaka, ba ta ba kowa ikon tsayar da aikin da zai lalata mazaunin dabba yadda ta Amurka ta yi ba. Akwai kuma Dokar Sauyin Yanayi da shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a Nuwambar 2021, amma ita ma ba a ɗaure ta da makomar wata halitta takamaimai ba.

Ku da ke kusa da dausayin Baturiya kun fi ni sanin abin da wannan giɓi ke nufi. Dausayin na cikin wuraren da duniya ta amince da muhimmancinsu ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar tun 2008, a 2020 kuma gwamnatin tarayya ta amince a ɗaga shi tare da Falgore zuwa gandun daji na ƙasa. Dinya da kirinjijiya na nan, ga dubban tsuntsayen da ke tasowa daga Turai su yi hunturu a wurin. Amma gauraka, wanda ake kira tsuntsun ƙasa na Najeriya, kuma dattawan yankin suka taso suna ganinsa garke-garke, yau da wuya a gan shi a daji, an fi samunsa a farfajiyar gidajen masu hali da yankakken fiffike. Kamawa ta taimaka wajen ƙarar da shi, shi ya sa a 2019 aka haramta cinikinsa tsakanin ƙasashe ƙarƙashin CITES. Sai dai ko da ba a sake kama ko ɗaya ba, gauraka ba zai dawo ba idan babu fadama mai ɗan ruwa da ciyawa inda zai yi sheƙa.

A nan ya kamata a faɗi gaskiya, ba sauyin yanayi kaɗai ne ya canza fadamarku ba. Madatsar Tiga da aka kammala a 1974 da ta Challawa ta 1992 sun sauya tafiyar ruwan Kogin Haɗeja. A da ruwa kan malala da damina ya janye da rani, ƙasa ta bushe, amma yanzu yana gudana duk shekara a wasu hanyoyin, wannan kuwa shi ne abin da kacalla ke so. Duk wanda ya ga magidanta tsaye cikin ruwa har ƙirji suna saran kacalla da adda da lauje, suna jan ta zuwa gaɓa, bayan 'yan watanni ta sake tsirowa ta rufe wurin, ya san wannan ba aikin da gayya kaɗai za ta gama ba ne. Toshewar ce ke karkatar da ruwa zuwa gonaki da gidaje a wani wuri, ta bar wani wurin a bushe, ta kuma zama maɓoyar jan-baki mai cinye shinkafa da gero.

Bambancinmu da masu fafutukar kare beyar shi ne, su abin da ke lalata mazaunin dabbarsu ya warwatsu a duniya, mu kuwa babban ɓangare na namu yana nan cikin Kano da Jigawa, yana da ƙofofin da ake buɗewa ana rufewa, yana kuma da hukumar raya kogunan Haɗeja da Jama'are da ke kula da shi. Abin da ya kamata ƙungiyoyinku na manoma da masunta da makiyaya su nema daga 'yan majalisarku shi ne a rubuta cikin doka yawan ruwan da za a riƙa saki daga Tiga da Challawa da lokacin sakinsa, a sanar da ƙauyukan da ke ƙasa kafin a buɗe, a ware kuɗin yashe hanyoyin ruwa duk shekara, a kuma ba mazauna yankin damar kai ƙara kotu idan hukuma ta saɓa.